Ƙudajen da Gwaggo Ta Sallama

Korgom

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na hau kabu-kabu rungume da kwali. Kwalabe shida ne a ciki, kowacce da guntun mangwaro da namijin ƙuda guda, irin ƙananan nan masu jan ido da ke bin ruɓaɓɓen abu. Uku na kwana huɗu ina ba su maganin da ke ƙara serotonin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa, sauran ukun ban ba su ba. Washegari zan haɗa su biyu-biyu gaban taron malaman kimiyya a Mayahi, kowa ya ga masu maganin sun fi naci wajen faɗa. Maganin ɗan kaɗan aka aiko mini daga Yamai, ya kuma ƙare.

Tasawa

Motar da aka ce za ta tashi ƙarfe takwas sai goma saura ta motsa. Direba ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, ya ce, "Mushe, kawo kwalin a ɗaure sama."

"Rana za ta kashe su."

"Su wa?"

Na biya kuɗin kujera biyu. A shinge jandarma ya ɗaga kwalba ɗaya, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "To, ƙudajen Mayahi sun ƙare ne?" Mota duka ta ɗauki dariya. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye.

Mayahi

Ƙarfe ɗaya da minti goma na sauka gidan Gwaggo Hassi, ƙanwar mahaifina. Na sha fura, na ajiye kwali a inuwa, na tafi gaida masu taro. Bayan la'asar na dawo na tarar da kwalabena a jere suna ƙyalli: biyu man shanu, biyu yaji, kuka, daddawa.

"Ɗana, matarka ba ta wanke-wanke ne? Duk ruɓa da ƙuda! Kuma kwalba ba ta barin gidana wofi."

"Gwaggo, ƙudajen fa?"

"Na kore su. Guda ma har da gardama, sai da na sa mafici."

Wallahi na so in yi kuka. Mai gardamar nan na maganin ne, na tabbata, kuma Gwaggo kaɗai ta shaida. Washegari da alli na zana faɗan a allo, malamai suna hamma.

Gida

Na iso Korgom da magariba lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa Gwaggo, ba yadda zan yi. Matata ta buɗe kwalin, ta shinshina man shanun, ta ce tunda na fara bincike yau ne ta ga amfaninsa.