Ragon da Na Saukar a Kwando

Ranar Asabar ce, kwana biyu bayan bikin Kirsimetin Masarawa, wanda suke yi a watan Janairu, a shekarar da na cika tara. Ina tsaye a barandar gidanmu da ke hawa na huɗu a unguwar Dokki ta birnin Alƙahira, igiyar kwando na hannuna, sanyi ya sa yatsuna sun ƙage. Can ƙasa mai karɓar tsofaffin kaya ya tsayar da amalanken jakinsa ya ɗaga kai yana jira, bayan ya cika layin da kiran nan nasa na "Bikya! Bikya!" Mama ce ta sa ni in saukar masa da tsofaffin jaridun Baba. Na jera su a kwando, na waiga ɗaki. Ƙanena Iliya na kwance ya ba ni baya, fuskarsa wajen durowar kaya mai madubi. Sai na zaro Ɗan Safa daga cikin rigar sanyina, na cusa shi tsakanin jaridun, na saki igiya a hankali. Kwandon ya wuce barandar hawa na uku, ya wuce shanyar hawa na biyu. Mutumin ya juye komai a amalankensa, ya ɗaga min hannu, ya kaɗa jakinsa. Na jawo kwandon ya dawo ba nauyi, har da ɗan murmushina.

Ɗan Safa rago ne, amma na tsumma. Mama ce ta ɗinka shi da tsohuwar safar Baba mai ruwan toka, ta cika shi da auduga, ta murɗa masa ƙahoni da igiyar takalmi, ta sa masa maɓalli ɗaya a matsayin ido. Mu mutanen Wusasa ne, aikin Baba a sashen ajiye takardu na ofishin jakadanci ya kawo mu Alƙahira. Mama, wadda ta saba da tsakar gida da gona, ta wayi gari a sama, ba ƙasar da za ta taka. Sai ta mayar da baranda gonarta. Gwangwanayen madara shida ta jera, ta shuka yakuwa da alayyahu da tattasai, ni ce mai ban ruwa safe da yamma. A jikin ƙarfen barandar kuma aka ɗaure kwandon, irin wanda kowace maƙwabciya ke da shi: a saukar a sayi gurasa ko tumatir, a jawo, ba sai an sauka bene ba. A wurin Ili, kamar yadda muke kiran ƙanen nawa, kwandon nan ya fi abin cefane. Shekararsa shida, yana da sikila, kuma da sanyi ya shigo sai ciwo ya kama masa ƙasusuwa ya yi makonni bai taka matakala ba.

Don Ili ne Mama ta ƙirƙiro Garin Ƙarƙashin Gado. Kwali ne kawai da ke ƙarƙashin gadonmu, amma da la'asar ta yi, ta gama aiki ta goge hannu a zani, sai mutanen garin su fito. Akwai Gwaggo Mujiya, wadda aka yi da tsohon tawul, mai manyan idanu na murfin kwalba. Ita ba ta iya ƙarya ba, ko gaskiyar za ta sa a kore ta daga gari sai ta faɗa. Akwai Kurege Mai Rumbu, sarkin rowa, wanda ke tara gyaɗa har ta ruɓe masa, kullum sai ya ƙare da ciwon ciki. Kwandon baranda shi ne jirginsu, da shi suke tafiya cikin gajimare su ziyarci kakarmu a Wusasa su dawo kafin a sauke tuwo. Ɗan Safa kuwa shi ne abin zaluntar kowa. Kurege ne ya jefe shi da dutse ya rasa ido ɗaya, shi ne kuma ke sace masa ciyawa. Amma duk ranar da mai laifi ya zo yana jan ƙafa zai ba shi haƙuri, kafin ya buɗe baki sai ragon ya ce, da muryar nan mai kauri da Mama ke yi masa, "Zauna ka sha ruwa. Na yafe tun kafin ka taso daga gida." Daga nan Mama ta ajiye shi a cinya ta ce haka Ubangiji Yesu ya yi da mu, ya gafarta mana tun ba mu san za mu roƙa ba. Ni dai na sha faɗa cewa ragon nan wawa ne. Gwaggo Mujiya ce tawa, don a ganina ni ma mai gaskiya ce. Ili kuwa da Ɗan Safa yake ci, da shi yake kwana, ƙahonsa yake cizo idan ciwo ya tsananta.

Ba zan ɓoye ba, na yi kishin Ili, kishi mai muni. In an dafa hanta tasa ce, bargon da ya fi laushi nasa ne, gefen da rana ke shigowa nasa ne. Ni ce mai goge bene, mai kwashe shanya, mai cika masa gorar ruwan zafi, mai yin shiru idan ya samu barci. Ko 'yar carafke na baza a ƙasa sai a ce duwatsun suna damunsa. A makaranta ina tsallen igiya da 'yan matan ajinmu har in manta da kaina, amma da na hawo bene na ji warin man zafi sai kafaɗuna su yi nauyi. Abin da ya cika min ciki ya faru ranar Juma'a, jajibirin waccan Asabar ɗin. A Alƙahira Juma'a muke zuwa coci, don Lahadi ranar aiki ce. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ni da Baba zuwa cocinmu da ke unguwar Ma'adi, domin ranar ce gasar haddar ayoyi, wadda na yi wata guda ina shiri. Na karanta nawa ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ana gab da kiran waɗanda suka ci, Mama ta bugo wa Baba waya cewa jikin Ili ya tashi. Baba ya kama hannuna ya ce, "Yalla, Hannatu, tashi mu tafi." Muna bakin ƙofa na ji an kira sunana, ana tafi, ba wanda ya fito. A gida ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi.

Da yammacin Asabar ɗin Ili ya nemi ragonsa. Aka ɗaga katifa, aka zazzage kwali, aka duba bayan firij. Mama ta sauka har wurin Ammu Sayyid, mai gadin ginin, ko ya ga wani abu ya faɗo daga sama. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Ma'alish, ya Madam," wato ta yi haƙuri, bai ga komai ba. Ni ma har da ni a neman, ina leƙa ƙarƙashin kujeru, ni da na fi kowa sanin inda yake. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Ili bai yi kuka ba. Ya dai kwanta yana kallon rufi. Washegari Mama ta binciko ɗaya ƙafar safar, ta zauna ta ɗinka wani ragon, ƙaho iri ɗaya, ido ɗaya. Ili ya karɓa ya sunsuna, ya ce mata ya gode, amma wannan ƙanen Ɗan Safa ne, ba shi ba ne. Ya ajiye shi a gefen matashi, bai taɓa cizon ƙahonsa ba.

Murnata ba ta kai kwana biyu ba. Duk lokacin da ciwo ya murɗe shi sai in ga yana lalubar gefen gado. Na kife Gwaggo Mujiya a cikin kwali don na kasa haɗa ido da ita. A addu'ar safe, idan muka zo wurin roƙon gafara, bakina kawai ke motsi. Na riƙa tsayawa a baranda ina jiran mai amalanke, na shirya Larabcin da zan yi masa, amma wanda ya zo a makon wani ne dabam, da na yi masa magana daga sama dariya kawai ya yi ya wuce. Sau uku ina zuwa bayan Mama a kicin da niyyar faɗa, sau uku ina ɓigewa da tambayar ko in yanka albasa. Abu ɗaya nake so a duniya lokacin, in gaya wa Ili da bakina, kuma shi ne abin da na kasa.

Mako uku bayan haka ciwon ya hau masa ƙirji, aka kwantar da shi a wani asibiti a Giza. Ranar da aka yarda in shiga, da rana ne bayan an tashi makaranta. Na same shi ya ƙara ƙanƙancewa, da robar iska a hanci, idanunsa sun yi rawaya. Mama ta fita ta yi magana da likita, aka bar mu mu biyu. Na tsaya a gefen gadon, na ce, "Ili," sai na kasa ci gaba. Ya dube ni da ɗan murmushin tsokanar nan tasa, ya ce, "Yaya Hanna, na gan ki fa. A madubi." Ya ja numfashi da ƙyar ya ce, "Ɗan Safa ya shiga jirgi ne kawai. Khalas, shi ke nan." Sannan ya ƙanƙance ido ɗaya, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon muryar da Mama ke yi, muryar da ƙirjinsa ba shi da ƙarfin ɗauka, ya nuna min kofin da ke kan tebur ya ce, "Zauna ki sha ruwa." Bai ƙarasa sauran ba, tari ya sarƙe shi. Ba sai ya ƙarasa ba, na san sauran. Na kifa kaina a kan zanin gadon na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba, shi kuma yana dafa min kai da hannun da aka sa wa allura.

Kwana huɗu bayan nan Ili ya rasu. A Alƙahira aka binne shi, cikin ƙasar da bai taka sosai ba. Shekara ta zagayo aikin Baba ya ƙare, muka tattara muka koma gida muka bar shi. Mama ta rarraba wa maƙwabta gwangwanayen shukarta, kwandon kuma aka bar shi a ɗaure a baranda. Sai da na kai shekara ashirin na iya gaya mata abin da na yi. Ta ci gaba da tsintar shinkafa a faranti. Can ta ce tun a daren farko Ili ya roƙe ta ta daina nema, kuma kada ta tambayi kowa. Ta yi zaton rigimar yara ce, ba ta san wa yake rufa wa asiri ba.

Yanzu na dawo Alƙahira, ina koyarwa a wata makaranta a Ma'adi, ranar Juma'a kuma ni ke riƙe ajin yara a coci. Yaran yau da jarumansu suke zuwa a cikin waya, masu tashi sama, masu fitar da wuta a hannu, kuma ba na ganin laifinsu. Wani lokaci nakan bi ta tsohon layinmu a Dokki. Kwanduna sun ragu, masu babur ne ke kai wa mutane cefane har ƙofa, mai bikya ma yanzu lasifika ce ke yi masa kira. Duk da haka, idan na ji kiran sai na tsinci kaina ina leƙa cikin kayansa, mace da furfura ta fara fito mata tana neman tsumma mai ruwan toka. Barandarmu an rufe ta da gilashi, ba alamar an taɓa shuka yakuwa a wurin. Ƙanen Ɗan Safa yana jakata, shi nake fitar wa yaran idan darasi ya zo kan gafara. Kusan kowace shekara sai an samu yarinya mai baki irin nawa ta ce ragon nan wawa ne, ni kuma ba na yi mata gardama, sai in ce ta matso kusa da ni ta zauna.

Har yau ban roƙi Ili gafara ba, don bai bar ni na kai ga roƙon ba.