Lauya Zubairu da Uwar da Ta Kasa Kiran Sunan 'Yarta

Kullum da sassafe Malam Zubairu kan gangaro daga tudu zuwa bakin teku, inda 'yan dako ke sauke kayan jirgi, sanye da baƙar kwat ɗin nan da ta ga jiya ta ga yau. Ba shi da ofis. Benci gare shi a gindin bangon wani sito, nan bayi da 'yantattu ke kawo masa kuka. Manyan lauyoyin birnin nan namu na Salvador, a ƙasar Brazil, suna yi masa kallon hadarin kaji, wai ɗan bayin Hausa ne da ya tsinci doka yana sharar kotu. To, su ci kansu. Ya tsinta, kuma ya riƙe ta gam.

Lokacin da hukuma ta ce kowane ɗan dako ya rataya lambar ƙarfe a wuya kamar akuya, shi ya shige gaba ya ce ba za a rataya ba.

Amma shari'ar wata baiwa, Lantana, ce ba zan manta ba, don ina cikin kotun. Ubangidanta ya sayar da 'yarta Altine ga masu gonakin kofi na kudu, jirgi na jira. Doka ta hana raba ƙaramin yaro da uwarsa, sai ubangidan ya rantse cewa yarinyar ba tata ba ce. Alƙali ya dubi Lantana ya ce ta faɗi sunan yarinyar. Ta sunkuyar da kai. Ya maimaita, shiru. Altine 'yar fari ce, kuma Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗan fari, ko da wuƙa a wuya. Kotu ta fashe da dariya.

Malam Zubairu ya miƙe, ya sa aka shigo da yaran gidan duka.

"Lantana, wane ne wannan?"

"Haruna ne, Malam."

"Wannan fa?"

"Laraba."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ɗan ubangidan. Da aka zo kan Altine sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Zubairu, "ta kira 'ya'yan kowa. Wadda ta kasa kira ita ce tata. Ni ma ɗan fari ne, uwata har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. In kunyar uwa ce hujjar sayar da ɗa, a fara da ni."

Alƙali ya yi masa tsawa, ya ce ya kawo al'adar jahilai gaban shari'a, ya hana shi tsayawa a kotu har ƙarshen shekara. Amma bai iya sa hannu a cinikin ba. Jirgi ya tashi babu Altine.

Kai ne, Zubairu, ƙashin bayan marasa gata. Yau ido ya gaza, ka ce za ka huta, masu bayi har da murna. Su daina saurin rawa, bauta ba ta ƙare ba, mu ma ba mu ƙare ba. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Ku samarinmu da kuka iya karatun Fotugis, ga kotu can a buɗe, wani ya tashi ya shiga.

Altine tana goyon ɗanta na fari yanzu. Na tambaye ta sunansa, ta yi murmushi ta kau da kai.