Ranar da Muka Buga Ƙwallon Gora a Kan Shukar Kawu

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce ajin ƙarshe na ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, ba, kuma ina tsoron in ɗora wa wanda ba ya nan laifin da ba nasa ba. Sau uku ina farawa ina yagewa. Shekaranjiya ne jikokina suka samo ƙodagon goriba suna bugunsa da itace a ƙofar gida, ni kuwa ina alwala. Da na ji ƙarar nan, ƙwas, sai na manta ko na wanke ƙafar hagu, na sake tun daga farko. To, yau dai zan faɗa, ku yi haƙuri da rubutuna.

A Filingue na tashi, zamanin Turawa, kumandan mai mulkin ƙasar yana bariki. Ubana ya rasu ina goye, shi ya sa ni da inna muke gidan kawu, yayanta. Gona ɗaya gare shi, bayan katangar lakwal, shimfiɗaɗɗiya, da babban gawo a gefenta. Daga rumbun gonar nan muke ci mu duka.

A kan gonar kuma muke buga ƙwallon gora. Wasan yana da lokacinsa, kowa ya sani ba tare da an rubuta ba. Ranar da damin gero na ƙarshe ya shiga rumbu, sai a sauko da sanduna masu lanƙwasar kai daga cikin jinka. Shanun Fulani su kwana a gonar su bar taki, mu kuma mu tattake shi da gudu duk tsawon sanyi. Idan zafi ya kama aka fara sharar gona, sai a rataye gora. Daga ranar ba mai sake taɓa ta, gona ta koma gona.

Tsohon direktan lakwal ne ya roƙi kawu ya riƙa koya mana, don a samartakarsa ba a taɓa ƙwace masa ƙodago ba. Yana zaune gindin gawo yake koyarwar, da baki.

"Kai mai ƙafar raƙumi! Ƙodago kake bugu ko noman rani ka zo yi mini?"

Mu yi ta dariya, wanda aka yi wa ma yana dariya. Ni ya ɗora a kan yaran, ba don na fi su gudu ba, sai don ni kaɗai nake ƙirga sanduna bayan wasa, in sake ƙirgawa.

Shekarar da nake ajin ƙarshe aka ɗauke direktan, aka kawo wani mushe, kamar yadda muke kiran malamin lakwal, daga ƙasashen bakin teku. Saurayi ne mai tsabta, mai son aiki, ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Ya ga wasanmu ya burge shi. Ya kawo usur, ya ce goma sha ɗaya-goma sha ɗaya za a riƙa yi, kuma daga yau shi ne mai koyarwa, tun da kawu ba ya karanta doka. Ni na fassara wa kawu wannan. Ya ce ba komai, mai usur ai ya fi mai baki. Amma bai bar zama gindin gawo ba, sai dai ya bar magana.

Ana tsakiyar sanyi mushe ya ja layuka da rula a kan takarda ya liƙa a ƙofar aji. Kowace Alhamis, ranar da ba karatu, akwai wasa. A ƙasan takardar kuma, da jan tawada, babban karo da yaran garin Baleyara, ranar rufe lakwal, gaban kumandan. Na sake karanta wannan layin. Rufe lakwal farkon damina ne.

Mushe ya kira ni ya ce, da Faransanci, "Ka gaya wa kawunka kada ya taɓa filin sai bayan karon. Na riga na rubuta wa kumandan. Akwai matsala?"

Na dubi takalminsa na ce babu.

Ku da ba ku yi lakwal ɗin wancan zamani ba, ba za ku gane ba. Ba a ce wa mushe akwai matsala. Amma ba na kawo wannan don in wanke kaina, domin na isa gida, na sami kawu yana gyaran sungumi, na zauna kusa da shi, na buɗe baki, na tambaye shi ko in kawo masa ruwa.

Da zafi ya kama, kawu ya tattara sandunan ya soke su cikin jinka, ya ce mini, "Ka tahi ka gaya ma mushenku an rataye gora. Sai kaka, in muna da rai."

Wannan saƙon ma na haɗiye shi. Mushe na ce masa zafi ya yi yawa, yara suna suma, mu koma tsakar lakwal muna gudu kawai. Ya yarda, ya ma yaba mini hankali. Haka na zauna da saƙo biyu a ciki, ina rama. Inna ta zaci ciwon shawara ne, ta yi ta jiƙa mini tsamiya. Abin da na fi jin kunyarsa shi ne addu'ar da nake yi. Gari duk yana roƙon ruwa, ni ɗan manomi ina roƙon Allah ya jinkirta shi.

Ruwa ya sauka da wuri, mai yawa. Da safe ƙasa tana ƙamshi, kawu yana gaba yana sara da sungumi, ni da inna muna binsa muna zuba iri muna rufewa da diddige. Irin da ya zaɓa ne zangarniya-zangarniya tun kaka, ya ɓoye ko da muka yi ƙarancin tuwo bai bari an taɓa ba. Kowane rami na rufe ina cewa a na gaba zan faɗa. Muka kai ƙarshen gona.

Ranar rufe lakwal gero ya kai tsawon tafin hannu, layi-layi, kore shar. Da hantsi babbar mota ta sauke yaran Baleyara. Mushe ya zagayo bayan katanga da gardi biyu, dogaran kumandan, ɗauke da toka ta jan layi, ya ga gonar, ya tsaya cik. Ya juyo ya dube ni. Bai zage ni ba. Ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?" Ina jin da yana da ko yini ɗaya da ya nemi wani wuri, ko da yake duk ƙasar da ke kewaye an shuke ta. Amma an riga an ajiye kujerar kumandan a gindin gawo, ana jin motarsa tana tahowa.

Gardi suka je gida suka zaro sandunan daga jinka. Kawu ya biyo su ba hula. Ya tsaya bakin gona ya ce mini, "Mi ya faru? Mi suka ce?"

Na faɗa masa, a gaban kowa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun sanyi, kawu."

Ya dube ni ya ce, "To, tahi. Ana jiranka."

Muka buga. Ƙafa arba'in da huɗu da sanduna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Har yau ina jin yadda tsiron yake murƙushewa ƙarƙashin tafin ƙafata, da ɗanyen warinsa. Mutanen gari sun cika gefe, ba wanda ya yi sowa, manoma ne duka. Kumandan kaɗai ke tafi. Mu muka ci, kuma ni na jefa na ƙarshe. Ban san abin da ya sa na jefa ba.

Maƙwabta suka tara mana iri, muka sake shuka a makare. Ruwa ya ɗauke geron yana cikin fitar da kai. Abin da muka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Duk daminar nan kawu bai doke ni ba, bai ɗaga mini murya ba, yana ma tura mini lomar ƙarshe kamar kullum. Na so ya doke ni.

Bayan kaka ya bi masu tafiya cin rani kudu, wajen Kumasi, ya ce baki ɗaya ya ragu a kan rumbu, zai komo kafin shuka. Shuka ta zo, abokan tafiyarsa suka komo ban da shi. Wani ya ce ya gan shi yana dako a kasuwa, wani ya ce ya wuce gonakin koko. Inna ta yi ta fita bakin hanya duk farkon damina har idonta ya mutu. Mushe kuwa an ɗauke shi shekarar, wanda ya gaje shi ya zo da ƙwallon fata, ba a sake buga gora a lakwal ba. Yanzu gidaje ne a kan gonar, an sare gawon, yaran unguwar ba su san an taɓa shuka a wurin ba.

Na san kawu ba ya raye, ni kaina na tsufa. Amma akwai jikokin mutanen ƙasarmu ta Kurfey da yawa a can kudu, wataƙila wani cikinku ya ji labari a bakin kakansa. Dogo ne, bahago, yana ɗan ɗingishi da ƙafar dama, yana da tabon ƙuna a wuyan hannu. Don Allah wanda ya san garin da ya ƙare, ko inda aka binne shi, ya aiko ta hannun masu buga wannan takarda. Kome ƙanƙantar labarin ina so. Idan kuma akwai wanda ya sani, ya gaya mini ko ya sami ƙasa a can, ko ya sake shuka wani abu ya ga girbinsa.