Neman Baba a Cikin Kaset

Bayan sallar asuba muka bar Makoda a kan babur, ni da Inna mahaifiyata. Baba ya rasu ina goye, ko hotonsa ba mu da shi, amma ya taɓa fitowa a wani wasan kwaikwayo da aka ɗauka a Ɗanbatta. Fuskarsa muka fita nema.

Ɗanbatta

Shagon da aka ɗauki wasan yana bayan kasuwa, yanzu taki ake sayarwa a ciki. Mai shi, wani dattijo, ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo koko da ƙosai.

"Nan aka fara ɗaukar fim a garin nan," in ji shi. "Labule ɗaya, kyamarar biki ta aro, da janareto mai tari. Da kaset ya yi kasuwa wasu suka buɗe nasu, aka zo zamanin faifai, waya ta zo ta kwashe su duka. Mai ɗaukar, Malam Sabo, ya koma Rijiyar Zaki a Kano da kayansa."

Hanyar Kano

Motar haya muka shiga, buhunan gyaɗa a baya, gero ya yi kai a gonaki dama da hagu. A shingen bincike direba ya ce, "Yallaɓai, Hajiya ce za ta ganin maigidanta a fim." Jami'in ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Rijiyar Zaki

Da azahar muka isa. Matasa ke tace fina-finai a kwamfuta, amma tsofaffin kaset na nan cikin kwali. Malam Sabo ya ji sunan Baba, ya yi murmushi, ya zaro ɗaya.

Hoton ya yi ta rawa kafin ya tsaya. Sai ga dogon saurayi da akuya a kafaɗa, ana binsa da sanduna.

"Shi ne," Inna ta faɗa a hankali. Can sai dariya ta kuɓuce mata har da hawaye. "Malam, ni fa ce min ya yi alƙali ya fito."

"Bai yi ƙarya ba, Hajiya. Ɓarawon ne bai zo ba ranar, ya haɗa biyun."

Aka tura gaba, ga shi da rawani yana yanke wa kansa hukunci. Ni dai hancinsa nake kallo. Nawa ne sak.

Gida

Aka tura mana wasan a waya, muka iso Makoda da magariba. Jikoki suka kewaye Inna, tana nuna musu kakansu, amma daga wurin rawanin ta fara. Allah ya saka wa Malam Sabo da dattijon Ɗanbatta, ya jiƙan Baba.