Maganin da Gwaggo ta jira a hannuna

A lokacin ina budurwa, ina karatun digiri na biyu a fannin haɗa magunguna, muna zaune a gidanmu na gado a unguwar Zaitawa. Babanmu ƙaro da kayan yaji yake sayarwa a Kasuwar Kurmi, daga buhunsa ma nake ɗibar ƙaron da nake bincike a kansa. Aikina shi ne in sarrafa ƙaron ya zama 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, a ɗura maganin ciwon daji a cikinsu, su kai shi daidai inda ciwon yake ba tare da ya illata sauran jiki ba. Ko a jikin ɓera ban gwada ba tukuna. Haka na yi wa Baba bayani, shi kuma don murna ya ba da labari a majalisarsu. Kafin maganar ta zagayo gida, ta zama wai na gano maganin daji.

Gwaggona, yayar Baba, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ciwon daji ya kama ta a nono, har an fara yi mata ƙarin ruwan maganin a asibiti. Gashinta ya zube, ko kunu ta sha sai ya dawo. Ranar da labarin ya iske ta, ta ce ta gama da asibiti, tunda 'yarta tana haɗa wanda ba ya wahalarwa, za ta jira. Na durƙusa na rantse mata cewa abin nawa bai zama magani ba, shekaru ne a gabansa, wataƙila ma ba zai taɓa zama ba. Ta shafa kaina ta ce dama ni tun ina ƙarama ba na son yabo.

Ana haka malaman jami'a suka shiga yajin aiki, na dawo gida na zauna, ɗaki ɗaya da ita. Ni ke wanke mata ciwon, ina kallo yana faɗaɗa, kullum safiya kuma sai ta tambaye ni ko ya kusa. In na leƙa soro, mata ne daga Dala har ƙauyuka, da marasa lafiyarsu a adaidaita sahu. In na ce babu, a ce rowa ce, ko na sayar wa Turawa. Baba ya daina haɗa ido da ni, ya kuma kasa janye maganarsa a gaban abokansa. Wata rana Gwaggo ta riƙe hannuna ta roƙe ni in ɗebo mata ko cokali guda, in ya kashe ta ta yafe. Na ce ba zan iya ba. Ta juya fuskarta bango.

Sanda ta yarda aka mayar da ita asibiti, likita ya ce ciwon ya kai huhu. Ta rasu gab da azumi, ba ta ƙara tambayata ba.

Na gane cewa mai ciwo ba ya jin “wataƙila”, abin da zai riƙe kawai yake nema. 'Yan uwana masu bincike, ku auna kalmominku ko a tsakar gidanku ne. Masu jinya kuma, don Allah kada ku bari wani naku ya ajiye maganin da ake ba shi saboda wanda ba a gama haɗawa ba. Allah ya jiƙan Gwaggo.