Yadda Ummi Ta Jawo Ɗaki Daga Jidda Zuwa Riyad

Tashi daga Malaz

Ranar Alhamis, tun ba a yi kiran assalatu ba, muka fito daga gida a unguwar Malaz, ni da 'yata Ummi. Sunan mahaifiyata ne da ita, shi ya sa ban taɓa kama sunanta na yanka ba. A nan Riyad aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta ƙwari, kuma tana aikin gashin ƙashi a wani asibiti a unguwar Shumaisi. Ni kuwa mutanen Funtuwa sun san ni, Ilyasu direba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa iyalin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan. Yanzu ciwon suga ya taɓa mini ido, likita ya raba ni da sitiyari. Saboda haka kujerar mai zaman banza ce tawa a wannan tafiya.

Ga abin da ya fitar da mu. Uwargidana, Hajiya Balaraba, ta gamu da shanyewar ɓarin jiki shekarun baya, a keke ake tura ta. Mutanen garin nan kuwa, da sanyi ya shigo, kowa sai ya kwashi iyalinsa ya nufi daji, a shimfiɗa darduma a kan rairayi, a hura wuta, a sha shayi. Kashta suke ce wa fitar. Hajiya ta fi kowa son ta, amma tun da ta kwanta ba ta sake zuwa ba, don daji babu gado babu makewayi. Ummi ce ta ce a nemi karafan, wato ɗaki a kan taya da ake ja da mota, da gado da makewayi da wurin girki a cikinsa. Ta zagaye masu sayarwa na Riyad har ta gaji: wannan ƙofarsa ta yi wa keke ƙunci, wancan ya fi ƙarfin jif ɗinta. Wanda ya dace, sai a Jidda ta gan shi a waya, na hannu amma mai tsabta.

Na ce, "Ummi, Jidda fa kusan kilomita dubu ce. Don ɗaki guda?"

Ta ce, "Baba, tunda akwai titi har can, ai ba nisa."

Muka bar Hajiya a hannun maƙwabciyarmu, wata 'yar Damagaram mai kirki, Ummi ta jefa tsohon keken uwarta a bayan mota, muka ɗauki hanyar yamma.

Muzahimiyya zuwa Zalim

Mun gangara dutsen Tuwaiƙ da duhu, muka yi asuba a wani masallacin gidan mai a Muzahimiyya. Sanyi har cikin ƙashi. A Kuwai'iyya muka karya da gurasar tamis mai zafi da wake, da shayi mai madara, duka riyal goma sha biyu.

Gaba kaɗan muka tarar da shingen jami'an tsaro. Jami'in ya karɓi iƙamarmu, wato katin izinin zama, ya duba, ya ce, "Ina aka nufa?"

Ummi ta ce, "Jidda, sayen karafan."

Ya yi dariya ya ce, "Na Riyad sun ƙare ne?" Ya miƙo mana katunanmu ya ce Allah Ya tsare.

Daga nan sai fili fetal. Babu komai sai baƙaƙen duwatsu can nesa, da raƙuma a bayan shingen waya, da tireloli. Wanda ya saba da sitiyari, zama a gefe azaba ne a gare shi. Ƙafata ta dama sai taka birkin da babu take yi. Ummi ta lura ta ce, "Baba, za ka huda mini mota." A Zalim, bayan mun haura rabin hanya, muka haɗa azahar da la'asar, muka ci shinkafa da kaza a wani ɗakin cin abinci da aka keɓe wa masu iyali. Mun wuce miƙatin Sailu ba mu ɗaura harami ba, don Jidda muka yi niyya. Na dai ɗaga hannu ta wajen Makka na yi wa Hajiya addu'a.

Jidda

Gab da magariba muka shiga Jidda, muka sauka gidan ƙanena Garba, wanda yake ɗinki a can. Matarsa ta tuƙa mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Muna ci Garba ya sunkuyo ya ce, "Yaya, da gaske wai yarinyar nan ce za ta ja abin har Riyad? Bari in samo muku direba, na san mutane."

Ummi ta jiyo daga wajen mata ta ce, "Baffa, direban zai fi ni son Mama ne?"

Garba ya kama baki ya ce, "To, uwata, na yi shiru."

Ranar Juma'a bayan la'asar muka tafi wurin mai sayarwa, can kudancin gari, wani makeken fili cike da karafan jere kamar unguwa. Mai wurin, Abu Majid, ya tarbe ni da gahawa da dabino, ya fara yi mini bayani. Na nuna masa Ummi na ce, "Ga mai saye nan. Ni ɗan rakiya ne." Ya juya wajenta ba tare da wani mamaki ba. Da na ce masa daga Riyad muke, sai ya ce ai mu na kusa ne, mutanen Jidda su ne ƙalilan a cikin masu saye a wurinsa. Ya ce wanda ya sa wa karafan ido ba ya tambayar nisa, faɗin ƙofa yake tambaya da girman tankin ruwa.

Sai ga matsala. Wanda Ummi ta zo dominsa, mun iske wani dattijo da 'ya'yansa maza biyu a tsaye a kansa suna ƙwanƙwasa bango. Daga Tabuka suka taso, can arewa, sun ma fi mu nisa. Abin da ya kawo mu shi ya kawo su: bangon baya gaba ɗaya ƙofa ce da ake sauke ta ƙasa ta zama gangara. Su baburansu masu ƙafa huɗu suke so su riƙa shigarwa. Sun riga mu zuwa, kuma Ummi magana kawai ta yi a waya, ba ta ba da kafin alƙalami ba. Abu Majid ya ɗaga kafaɗa ya ce wanda ya fara zuwa shi ke da magana.

Na dubi Ummi, na ga fuskarta ba ta canza ba. Ta ce wa dattijon, "Ammi," wato baffa da Larabci, "ka ba ni izini in gwada abu ɗaya. In bai yi ba, na huta, kai ma ka huta." Ya ce bismilla. Ta je mota ta ɗauko keken, ta buɗe, ta ce, "Baba, zauna."

Na zauna, da babbar rigata da hulata. Ta tura ni muka hau gangarar, ta juya ni a tsakar ɗakin, ta kai ni bakin gado, ta kai ni ƙofar makewayi. Keke ya wuce ko'ina bai goga ba. Ta sauko da ni da baya a hankali.

Dattijon ya ce, "Keken na wane ne?"

Ta ce, "Na mahaifiyata." Ba ta roƙe shi ba.

Ya shafa gemu. Can sai ya ce wa 'ya'yansa, "Babur ai ko a bayan a-kori-kura ya hau." Ya juyo ya kama hannuna ya ce, "Mabruk, Hajji, barkanku, mun bar muku. Allah Ya ba ni 'ya irin taka." Na riƙe hannunsa da hannu biyu.

Asabar: hanyar dawowa

Da safe aka gama takardu, aka ɗaura ƙugiyar ja a bayan jif, aka haɗa wayar fitilu. Abu Majid ya sa Ummi ta yi ta zagaya filin, gaba da baya, yana yi mata bayani, har ya gamsu. Kafin mu tashi matar Garba ta cika mana bayan karafan da tsaraba: buhun shinkafa, jarkokin zamzam, da wani tsohon keken ɗinki mai nauyin tsiya da Garba ya ce a kai wa maƙwabciyarmu.

Ba mu bi hawan dutsen Hada ba, don lanƙwasarsa ba ta mai jan kaya ba ce. Ta Sailu muka hau, sannu a hankali, injin yana nishi. Da muka fito fili bayan garin Ridwan sai iska ta taso ta gefe. Muna cikin haka wata tirela ta wuce mu a guje. Sai na ji bayan motar ya yi dama, ya yi hagu, ya sake yin dama fiye da na farko. Na leƙa madubi na ga karafan yana lilo kamar zai kwanta ya tafi da mu.

Na daka tsawa, "Taka birki! Ummi, birki!"

Ta ce, "La, Baba," wato a'a da Larabci. Murya ƙasa-ƙasa, ido a kan titi.

Hannuna ya tashi zai kama sitiyarin. Wallahi saura ƙiris. Na damƙe gwiwata da shi na shiga salati. Ita kuwa ta ɗauke ƙafa daga totur, ta riƙe sitiyari kyam, ba ta biye wa lilon ba. Mota ta riƙa rage gudu da kanta, lilon ya riƙa raguwa, har ya mutu. Sannan ta sa sigina ta gangara gefe ta tsaya.

Ta kashe injin, ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Abu Majid ya ce in ya fara lilo, birki mai ƙarfi shi ke kifar da mutum. Kuma kayan Baffa sun yi baya da yawa, laifina ne da ban duba ba."

Ni ban taɓa jan komai a bayan mota ba, ƙananan motoci na tuƙa. Na ce, "Ummi, da ni ne da na taka."

Ta ce, "Amma ai ba ka taɓa sitiyarin ba, Baba. Na gode."

Muka fita cikin iskar nan muka ja buhu da jarkoki da keken ɗinki zuwa gaba, muka ɗaure su tamau. Daga nan ba ta ƙara wuce tamanin ba, karafan kuwa ya bi ta kamar raƙumi da akala.

A Muwaihi muka kwana, a gefen wani gidan mai. Ba mu kama ɗaki ba, tunda muna jan namu. Ummi ta dafa shayi a murhun ciki, ta ba ni gadon, ita ta miƙe a kan doguwar kujera.

Lahadi: isowa gida

Bayan asuba muka ɗauki hanya. A shingen Kuwai'iyya wani jami'in ne dabam. Ya duba takardun karafan, ya zagaya shi, ya dawo ya leƙo ya ce da ni, "Daga Jidda? Ita ta jawo?"

Na ce, "Ita ce. 'Yata ce."

Ya ce masha Allah har sau biyu. Ni kuwa na gyara zaman hulata.

Hawan Tuwaiƙ shi ne na ƙarshe. Ta bi layin tireloli ta hau a natse. Da muka kai sama na hango dogayen benayen Riyad, na yi hamdala a bayyane.

Bayan la'asar muka shiga Malaz. Layinmu ƙunci ne da shi, ga motoci dama da hagu, kuma dole sai da baya za a shigar da karafan filin da ke gefen gidanmu. Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun fito: mai wanki, mai kanti, da wasu 'yan Maraɗi da ke dawowa daga aiki a unguwar Sulai. Kowa na ba da umarni da yarensa. Na sauka na ce duk su yi shiru, na tsaya inda za ta gan ni a madubi, ina yi mata alama da hannu. Sau ɗaya ta gyara, na biyu ya shige daram. 'Yan Maraɗin nan suka ɗauki tafi.

Aka sauko da Hajiya daga bene. Ummi ta sauke ƙofar baya, ta tura uwarta har ciki. Hajiya ta shafa katifa da hannunta mai lafiya, ta buɗe famfo ta ga ruwa ya zubo, ta daɗe tana kallon tagar da ke saitin gado. Maganarta a hankali take fita yanzu, sai an jira. Muka jira.

Ta ce, "Wa ya jawo shi?"

Na ce, "Ummi."

"Tun daga Jidda?"

"Tun daga Jidda, Hajiya."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To kai, Malam, me ka yi?"

Na ce, "Na riƙe carbi."

Ta yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba, har da hawaye. Ta jawo kan Ummi ta ɗora a ƙirjinta, tana sa mata albarka da Hausa, Ummi tana amsawa da Larabci. Da aka zo mayar da ita sama ta ce a'a, a kawo mata shayinta nan, kuma ranar Juma'a tun da hantsi take so a fita.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Allah Ya saka wa Garba da iyalinsa, da maƙwabciyarmu 'yar Damagaram, da dattijon Tabuka wanda ko sunansa ban tambaya ba. Ku kuma na gida, duk wanda ya tambaye ku ko Ilyasu yana tuƙi har yanzu, ku ce ya ajiye, amma sitiyarin bai bar gidansa ba.