Inna Mai Leshi Ta Ajiye Allura

Ga ta nan, ga ta nanku! Ku ce ta zo mu ji ta. Sai dai ta yau ba ta ƙarya ba ce, mai labarin tana nan da ranta.

Shekara arba'in da ɗoriya, hantsi ba ya dubawa sai Inna Mai Leshi ta zauna bakin tagar shagonta, ta goge tabarau, ta buɗe gwangwanin allurai. Duk leshin da aka kawo gyara, kifa shi take fara yi. "Gaba na 'yan kwalliya ne," in ji ta, "gaskiyar leshi a bayansa take." Ta nan take gane wanda inji ya zuba wa aiki a kan raga, da wanda aka huda yadi aka daje bakin hudojin, da na kwarashi, da kuma sarkinsu, na allura zalla, wanda ake ƙullawa ɗaya bayan ɗaya a kan zanen takarda.

Mai wankin layinsu shaida ne. Wata safiya ya shigo gumi sharkaf, riƙe da mayafin wata malamar makaranta da ya shekara ashirin yana yi wa wanki. Na allura ne, gadon mahaifiyarta, ga shi dutsen guga ya cinye fure guda.

"Inna, na shiga uku!"

"Ka shiga ɗaya dai, ɗan nan. Rami ɗaya nake gani."

"In Malama ta sallame ni, duk layin sun sallame ni."

Inna ta gwada sabon zare, ya fi tsohon haske. Sai ta warware kalmasar ciki, ta riƙa zaro zaren mayafin kansa, sili-sili. Ido ya riga ya fara gajiya, don haka da ɗan yatsa take lalubar furen da ke kusa tana kwaikwayon ƙullinsa. Kwana tara tana abu ɗaya.

Da mai wanki ya gani, ya washe baki. "Wallahi ba mai ganewa!"

"Kai za ka faɗa mata. Ramin leshi na toshe, ban ce ka toshe bakinka ba."

Haka ya je ya taho da Malama, ya faɗi gaskiya. Malama ta ɗaure fuska, ta ɗaga mayafin a hasken taga, ta nuna wani fure. "Nan ne."

"A'a, 'yar nan," in ji Inna, "wannan ya girme ki."

Sau uku Malama tana nunawa, sau uku tana kuskure. Ta fashe da dariya har da ƙwalla, ta dubi mai wanki. "Gobe ka zo ka ɗauki wanki. Ka rage wa dutsen nan wuta."

Inna, ke ce gwanar da in aikinki ya yi kyau ba a ganinsa, shi ya sa aka daɗe ba a gode miki ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu sana'a, ku gyara bayan aikinku kamar gabansa.

A watan jiya Inna ta ajiye allura, ƙanwarta ta karɓi shagon. Mai wanki yana nan yana yi wa Malama wanki. Inna kuwa tana gida, tana shan hantsi, tana kifa mayafin duk wadda ta zo gaishe ta.